Yawon Yini Ɗaya a Jirgin Ƙasan Jamus: Yaushe Ya Kamata a Yanki Tikiti?

Tambaya

 Ni ɗalibi ne a birnin Munich na ƙasar Jamus, ina zaune da maiɗakina da yaranmu biyu, babban shekararsa 8, ƙaramar kuma 4. Baba da Hajiya za su kawo mana ziyara daga Kaduna wata mai zuwa in Allah ya yarda. Ina so in ware yini ɗaya in fita da su su ga ƙasa, ko Salzburg, ko Nuremberg, ko fadar nan ta Neuschwanstein, mu je mu dawo a ranar. Damuwata ita ce Baba ba ya son a gaggauta shi, Hajiya kuma ƙafarta ba ta jure doguwar tafiya, don haka ba zan iya cewa ƙarfe kaza za mu tashi ko ƙarfe kaza za mu juyo ba. In yanki tikiti tun yanzu don in sami sauƙi, kada kuma kujeru su ƙare, ko in bari sai ranar? Ni ina da tikitin ɗalibai na Deutschlandticket.

Amsa

 Allah ya kawo su Baba lafiya, ya ba ka ladan wannan niyya. Amsarka a taƙaice: kada ka yanki komai yanzu. Tafiyar da ka kwatanta ta jirgin gajeren zango ce, shi kuwa tikitinsa ba ya ƙarewa, kuɗinsa kuma ba ya hawa don ranar tafiya ta matso. Da wanda ya saya tun wata guda, da wanda ya saya jirgi na shirin tashi, kuɗi ɗaya za su biya. Abin da zai kare ka daga asara shi ne sanin irin tikitin da za ka yanka.

Na san inda fargabarka ta samo asali. Duk wanda ya saba hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna ya san cewa a can tikiti kujera ce: lambar tarago da ta kujera suna jikinsa, idan kujerun jirgin safe suka ƙare sai mutum ya nemi na gaba ko ya kama hanyar mota. A Jamus wannan lissafin yana aiki a kan wani rukunin jirage, amma a kan wani rukunin zai jawo maka kashe kuɗi a banza, ya kuma ɗaure ka da agogo.

Jirgi iri biyu, ƙa'ida iri biyu

Rukuni na farko su ne jiragen dogon zango: ICE da IC, fararen nan masu jan zane a gefe, da EC da Railjet masu ƙetara iyakokin ƙasashe. Na biyu su ne na gajeren zango, masu alamar RE, RB ko S. RE yana tsallake ƙananan tashoshi, RB yana tsayawa kusan a kowane gari, S kuma na birni da kewayensa ne. Harafin da ke kan allo za ka duba, kada launi ya ruɗe ka. Na kamfanin Deutsche Bahn jajaye ne, amma jiragen da ke zuwa Salzburg da Füssen daga Munich na kamfanin Bayerische Regiobahn ne, launinsu daban, kuma tikiti ɗaya ne ke aiki a cikinsu duka.

Bambancin farashin yana da tushe. Jiragen dogon zango kasuwanci ne, kamfani yana tafiyar da su don ribar kansa, don haka yana sassauta kuɗi ga wanda ya saya da wuri, ya tsawwala wa wanda ya zo a ƙurarren lokaci. Na gajeren zango kuwa, tun 1996 jihohi ne ke da alhakin tsara su, su suke ba kamfanoni kwangila, su tallafa da kuɗin gwamnati. Shi ya sa farashinsu a tsaye yake, galibi sai a tsakiyar Disamba ake sauya shi tare da jadawalin sabuwar shekara. Tikitin ba a haɗa shi da wata kujera ba: ka shiga, ka zauna inda ka samu, in ba ka samu ba ka tsaya.

Tarkon tikitin araha

Idan ka buɗe manhajar DB Navigator ka rubuta Munich zuwa Nuremberg, abin da zai fara ɗaukar idonka shi ne ICE: tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci, ga farashi mai daɗi da aka rubuta Sparpreis ko Super Sparpreis. A nan mutane da yawa suke faɗawa. Waɗannan tikitocin suna da sharaɗin da ake kira Zugbindung, wato an ɗaure ka da jirgin da ka zaɓa, a ranar da ka zaɓa, a lokacin da ka zaɓa.

Ka ɗauka ka yanki na dawowa ƙarfe biyar na yamma. Ƙarfe huɗu da rabi Hajiya ta ce a zauna ta huta, Baba ya ce bai ga ta tafiya ba sai ya yi La'asar a natse. Kuka iso tasha biyar da minti goma. Tikitocinku duka sun mutu, sai ka yanki sababbi a cikakken farashi, wanda yakan ninka na farko. Super Sparpreis ba a mayar da kuɗinsa. Sparpreis ana mayarwa ne kawai idan ka soke kafin ranar tafiya, a cire Yuro 10, sauran kuma a ba ka takardar sayen wani tikitin. Ɗaurin yana warwarewa ne idan lattin daga wajen jirgi ya fito, misali ana sa ran za ku isa da jinkirin minti 20 ko fiye, ko an soke jirgin. Lattin da ya fito daga wajenka kai za ka biya shi. Araha ba ta ado.

Maganin wannan yana cikin manhajar kanta. A wajen zaɓin nau'in abin hawa akwai inda aka rubuta Nur Nahverkehr. Ka danna shi, ICE da IC su ɓace, a bar maka jiragen da suka dace da tafiyarka. Za ka ga RE 1 yana kai mutum Nuremberg cikin kimanin awa ɗaya da minti 45. Ƙarin minti 40 ne a hanya, amma ba mai riƙe maka agogo.

Tikitin da ya dace da ku

Sunansa Bayern-Ticket, tikitin yini na jihar Bavariya. Da shi za ku shiga kowane RE, RB da S a faɗin jihar, sau nawa kuka ga dama, ku sauka inda kuka so, ku sake hawa na gaba. Yana aiki a jirgin ƙarƙashin ƙasa da tiram da bas na Munich da Nuremberg, kuma yana kai mutum har babbar tashar Salzburg duk da cewa tana cikin Ostiriya. Mutum ɗaya zuwa biyar ke hawa da shi. A 2025 kuɗinsa Yuro 32 ne ga mutum na farko, sai Yuro 10 ga kowane ƙari, don haka ka duba sabon farashi kafin ka saya. Idan a kanta ka yanka ana ƙara Yuro 2, a na'ura ko a manhaja babu wannan ƙarin.

Ga lissafin gidanka. Kai kana da Deutschlandticket, wanda ke aiki a waɗannan jiragen duka har Salzburg, saboda haka kada ka ƙirga kanka. Saura Baba, Hajiya da maiɗakinka: mutum uku, Yuro 52 a farashin 2025, zuwa da dawowa da zirga-zirgar cikin gari. Ƙaramar 'yarka ba ta biya, tunda ba ta kai shekara 6 ba. Babban ma kyauta zai hau, domin tikitin yana ɗaukar yara har uku masu shekara 6 zuwa 14. Idan manhaja ta tambayi adadin yara, ka saka su.

Abubuwa biyu ka kiyaye. Adadin mutane a lokacin saye ake tsayar da shi, ba a ƙarawa daga baya, ba a kuma musanya wani da wani a hanya. Sannan dole sunan kowane matafiyi ya kasance a jikin tikitin. Idan na takarda ne daga na'ura, ka tafi da biro, ka rubuta sunayen da manyan baƙaƙe kafin ku shiga, yadda suke a fasfo. Mai duba tikiti yana da ikon neman shaidar kowa. Tikitin ya zo da kwanan watansa a buge, ba ya buƙatar a saka shi cikin akwatin buga hatimi.

Yaushe za ka saya? Daren jajibiri bayan ka duba hasashen yanayi, ko kuma da safiyar ranar bayan ka ga yadda su Baba suka tashi. Dalili shi ne Bayern-Ticket na rana ɗaya ne tak, ba a canza masa rana, ba a mayar da kuɗinsa. Wanda ya saye shi tun mako uku bai rage ko sisi ba, abin da ya ƙara wa kansa kawai shi ne haɗarin ranar ta zo da ruwan sama ko Baba ya tashi da mura.

Ƙarfe tara

Wannan ita ce ƙa'idar da ta fi kama baƙi. Daga Litinin zuwa Juma'a tikitin ba ya fara aiki sai ƙarfe 9 na safe, ya ƙare ƙarfe 3 na daren. Asabar da Lahadi da ranakun hutun jihar kuwa yana farawa tun 12 na dare. Jirgin da ya tashi tara saura minti biyar bai shiga ciki ba, haka ma jirgin ƙarƙashin ƙasa da zai kawo ku daga gida zuwa tasha kafin tara. Idan za ku fito da wuri, ka yanka wa mutum ukun da babban yaron tikitin cikin gari daban. Wanda aka kama ba da ingantaccen tikiti ba tararsa Yuro 60 ce, kowane mutum da tasa, kuma dokar Jamus tana ɗaukar hawa jirgi da gangan ba tikiti a matsayin laifi. Baƙo mai biza ko ɗalibi mai takardar zama bai kamata ya yi wasa da wannan ba.

Za ka iya cewa to ai Asabar ta fi, tunda babu wannan ƙa'idar. Ga tafiya da dattawa ban ba ka wannan shawarar ba. Safiyar Asabar mai rana, jiragen da suka nufi duwatsu da tafkuna suna cika maƙil da masu kekuna da jakunkunan hawan dutse, musamman tun fitowar Deutschlandticket a 2023. Ranar Lahadi kuma shaguna a rufe suke, in ban da na cikin manyan tashoshi. Talata, Laraba ko Alhamis bayan ƙarfe tara, ma'aikata sun riga sun wuce, kujeru a wadace. Ka kauce wa yammacin Juma'a, da makonnin bikin Oktoberfest daga bayan tsakiyar Satumba zuwa farkon Oktoba.

Abin da ya cancanci tanadi da wuri

A cikin wurare ukun da ka ambata, Neuschwanstein ce kaɗai ke buƙatar saye da wuri, kuma tikitin shiga fadar ne, ba na jirgi ba. Ana shiga ne rukuni-rukuni a ƙayyadadden lokaci, wanda ya makara ya rasa, a lokacin bazara kuma gurbi kan ƙare tun kwanaki kafin ranar. Daga Munich zuwa Füssen tafiyar kimanin awa biyu ce, sai bas zuwa ƙauyen Hohenschwangau, sai hawan tudu na minti 30 zuwa 40 a ƙafa. Akwai bas da keken doki, amma ba sa kai mutum bakin ƙofa, cikin fadar kuma matakala ce birjik. Gaskiya tsakani da Allah, wannan tafiyar ba ta dace da ƙafar Hajiya ba, kuma lokacin shiga zai dawo maka da gaggawar da kake gudu. In dai ganinta suke so, daga ƙasan tudun ana hango ta sarai, a ɗauki hoto, a zauna bakin tafkin Alpsee a huta.

Nuremberg ta fi sauƙi. Kuna fitowa daga tasha ga ganuwar tsohon gari a gabanku, a tsallaka titi a shiga ta ƙofa. A allon tasha za ka ga an rubuta Nürnberg, kamar yadda Munich take München.

Salzburg tafiyar kusan awa biyu ce, jirgi na tashi duk awa. Wannan layin yana nuna amfanin tikitin yini: kuna iya sauka a Prien, ku ga tafkin Chiemsee, ku ci abinci, ku hau na gaba ku ƙarasa. Sai dai Railjet da EC masu bin wannan layin tikitinku bai shafe su ba, bas ɗin cikin garin Salzburg ma kuɗinsa daban. Mafi muhimmanci, ƙetara iyaka ce. 'Yan sandan Jamus suna bincike a kan iyakar Ostiriya tun 2015, sukan shiga jirgi a wajen Freilassing su nemi takardu. Kowa ya riƙe fasfonsa na asali, su Baba da bizarsu, ku da katin zamanku, har da na yara. Hoton fasfo a waya ba ya wadatarwa. Masu karatu da ke cikin neman mafaka kuwa kada su ƙetara sai sun tabbatar takardunsu sun ba su izini.

Abu na ƙarshe da za ka duba da wuri shi ne aikin gyaran layi, wanda ya yawaita a Jamus a shekarun nan. Idan ka ga SEV a jadawali, an rufe wani sashe, bas ne zai ɗauke ku a tsakani. Tikitinku yana aiki a bas ɗin, amma sauka da hawa da dattawa wahala ce. Ka sauya rana ko ka sauya gari, tunda ba ka sayi komai ba tukuna.

Ranar tafiya

Babbar tashar Munich tana da rikitarwa. Layukan da jirage ke tsayawa, masu alamar Gleis, lambobinsu daga 5 zuwa 36 ne, amma na 5 zuwa 10 da na 27 zuwa 36 suna can gefe biyu, nesa da babban zaure. Matashi zai kai cikin 'yan mintoci, da Hajiya ka ware minti 15. Jiragen gajeren zango da yawa daga can suke tashi. Ku iso minti 20 kafin lokaci. Da yake nan ne mafarin tafiya, sau da yawa jirgin yana tsaye yana jira, wanda ya riga shiga shi ke zaɓar kujeru huɗun nan masu fuskantar juna. Wannan sammakon shi ne ajiyar kujerarku.

A jikin tarago ka duba lamba. Mai lamba 1, wanda galibi ke da rawayan zane a saman tagoginsa, na masu tikitin aji na farko ne, ku nemi mai lamba 2. Ƙofa ba ta buɗe kanta, sai an danna maɓallin da ke haske. Ka kuma karanta sunan garin da ke rubuce a gefen taragon da za ku shiga, domin wasu jiragen suna rabuwa a hanya. Wanda ke zuwa Tegernsee, Lenggries da Bayrischzell, misali, a haɗe yake barin Munich, a Holzkirchen ya fara rabuwa, kowane sashe ya kama gabansa. In ka yi shakka ka tambayi ma'aikaci, matambayi ba ya ɓata.

Idan tikitin a waya yake, ka cika batir, ka tafi da abin caji, kada kuma ka raba tarago da su Baba, tunda tikitinsu yana hannunka. Ka tsara lokutan sallah tun daga gida: a Disamba rana na faɗuwa kafin huɗu da rabi na yamma, a Yuni kuwa sai bayan tara na dare. Kafin ku bar tashar da kuka sauka, ka ɗauki hoton jadawalin jiragen dawowa. Kada ka sa ran a kan jirgin ƙarshe, ka nufi wanda ya rage saura biyu ko uku a bayansa.

Idan jirgi ya yi latti

Jinkiri abu ne da ke faruwa. Abin da ya kamata ka sani shi ne mai Bayern-Ticket ko Deutschlandticket ba shi da damar tsallakawa cikin ICE don jirginsa ya makara, domin ana lissafa su cikin tikitoci masu babban rangwame. Diyyar da ake biya kan jinkirin awa ɗaya ma Yuro 1.50 ce kacal. Kariyarku ita ce yalwar lokaci: ku zaɓi hanyar da ba sauyin jirgi, in kuma dole ne a sauya, ka bar aƙalla minti 15 a tsakani. Wanda ya wuce ku, wani na tafe bayan awa ɗaya ko ƙasa da haka, tikitinku na nan da ransa.

Inda saye da wuri ke da riba

Idan daga baya kuka yi niyyar zuwa Berlin ko Hamburg, lissafi ya juya. Berlin kusan awa huɗu ce ko fiye da haka a ICE, ba yawon je-ka-dawo ba ne ga dattawa. A nan ka yanki Sparpreis da wuri, ka biya kuɗin ajiye kujera daban, ku kuma kama lokaci.

Wani zai ce ka saya wa su Baba Deutschlandticket kawai. Yana da amfani idan za su yi wata suna fita kusan kullum. An fara shi a Mayun 2023 kan Yuro 49, ya koma 58 a 2025, ya koma 63 a 2026. Amma rajista ce mai sabunta kanta duk wata, tana bin watan kalanda daga 1 ga wata zuwa ƙarshensa, kuma a wajen Deutsche Bahn sai an soke kafin 10 ga wata ya wuce, in ba haka ba a ci kuɗin watan gaba alhali baƙi sun koma gida. Na mutum ɗaya ne, ba ya ɗaukar yaro mai shekara 8 kyauta. Don fita ɗaya ko biyu, tikitin yini ya fi.

Masu karatu da ke wasu jihohin su ma suna da irinsa: Niedersachsen-Ticket da ya haɗa da Hamburg da Bremen, Baden-Württemberg-Ticket, Sachsen-Ticket, sai Quer-durchs-Land-Ticket mai ratsa ƙasar gaba ɗaya a jiragen gajeren zango. Sharuɗɗan yara da na bas sun bambanta daga jiha zuwa jiha, kowa ya karanta na jiharsa.

Don haka, ɗan'uwa, ka ware kwana biyu ko uku a tsakiyar mako, ka bar zaɓin ranar sai sun iso sun huce gajiya. Ka fara da Nuremberg, in ta yi musu daɗi Salzburg ta biyo baya. Daren jajibiri ka duba yanayi da jadawali, ka haɗa fasfo wuri ɗaya, da safe ka yanki Bayern-Ticket na mutum uku, ku shiga jirgin farko bayan ƙarfe tara. Lokacin dawowa kuma ka bar wa Baba ya faɗa. Ka gaishe mana da su idan sun sauka. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.